Ƙafar Jidda da Yafiyar Baba Alhaji

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ɗauko mu daga gadon asibiti ya maido mu tsakar gidanmu. Sunana Binta, a Ƙofar Guga nake aure, sana'ata ɗinki a cikin gida. Masu zuwa dubiya sun sha ce min in rubuta abin da ya same mu ko wani zai amfana, ni kuma ina ce musu su bari hankalina ya dawo jikina tukuna. Yanzu ya dawo, ko da ba duka ba. Akwai godiya a cikin abin da zan faɗa, akwai kuma ƙorafi, ba wanda zan ɓoye.

Tsakanin gidanmu da makarantar firamaren da yaran unguwa ke zuwa akwai titi. Lokacin da aka kawo ni gidan nan ramuka ne a kansa, motoci na tafiya kamar masu ciwon baya, mu kuma kullum muna tsine wa ramukan. Da aka zo aka faɗaɗa shi aka shimfiɗa sabuwar kwalta, har da ni a masu murna. Ba mu san ramukan nan su ke tsare mana 'ya'ya ba. Tun daga ranar mota ba ta ƙara wucewa a hankali ta gaban makarantar ba, kuma babu allo, babu tudun rage gudu, babu komai da zai nuna wa direba cewa yara na tsallakawa a nan.

Sai muka samo namu maganin. Kowace uwa a unguwar nan, in za ta sallami ɗanta da safe, magana ɗaya take yi: ka duba hagu, ka duba dama, in ka ga sarari ka zuba da gudu. Haka muke koya musu tun suna aji ɗaya. A wurinmu tsallaka titi da gudu abu ɗaya ne. Jidda, 'yata ta uku, tana aji uku a lokacin, duk sa'anninta babu mai kamo ta a guje, har alfahari take yi da hakan.

Ranar da abin ya faru ina kan keke ina haɗa hannun riga, an kusa kiran azahar. Maƙwabciyata ta shigo ko sallama babu, ta tsaya a kaina ta ce, “Binta, sa hijabinki mu tahi.” Ban tambaye ta komai ba, fuskarta ta riga ta faɗa min. A bakin titi na tarar da taron mutane da takalmin Jidda ƙafa ɗaya. Mai sayar da rake a ƙofar makaranta ne ya ce min ta wuce motar farko lafiya, ashe akwai wata tana ƙoƙarin wuce ta farkon, ita ce ta ɗauke ta. Ya ce direban saurayi ne, bai gudu ba, shi da kansa ya sa ta a mota ya yi asibiti da ita. Wannan na riƙe masa shi har yau, don ba kowa ke tsayawa ba.

A sashen gaggawa na same ta kwance, cinyarta ta dama ta kumbura ta karkace. Ba kuka take ba, jakarta take tambaya, wai akwai aikin gida a ciki. Ni ce na yi kukan. Babanta, Malam Nasiru, ya taso daga wurin aiki ya shiga layin yankar kati, daga nan layin biyan kuɗi, daga nan layin hoton ƙashi, kowane layi kuma sai an tura ka wani kafin ka dawo. Da hoton ya fito likita ya ɗaga shi a hasken taga, ni da ban san komai a karatun likita ba na ga ƙashin ya rabu biyu, can kusa da gwiwa.

Bayan la'asar aka yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Daga bakin ƙofar ɗakin na hango maza sun taru a gindin darbejiya. Akwai surukina, Baba Alhaji, wanda shi ne babba a gidanmu, maganarsa ce magana. Akwai limamin unguwarmu. Akwai saurayin da ya buge ta, Mubarak, ya sunkuyar da kai, rigarsa duk jini. Akwai mahaifinsa, Alhaji Sule, wani dattijon ɗan kasuwa daga Kambarawa. Gefe guda kuma ɗan sanda na tsaye yana jira. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da mai jiki, sannan liman ya yi nasiha a kan ƙaddara. Alhaji Sule ya cire hularsa ya ce ya kawo kansa da ɗansa, duk abin da aka yanke sun ɗauka.

Baba Alhaji ya ce, “Alhaji, maida hularka. Abin da Allah ya rubuta ba mai kankare shi. Yaro bai yi da gangan ba. Mun yahe, duniya da lahira.”

Ɗan sandan ya matso ya ce, “To Baba, maganar rahoto fa? A rubuta ko a bari?”

“Mi za a rubuta? Magana ta ƙare a nan.”

Aka shafa fatiha, kowa ya yaba dattakun Baba Alhaji. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma in faɗi gaskiya, da an tambaye ni a ranar yafewar zan yi, don hankalina duk yana kan ƙafa. Haka ake yi a garin nan tun kafin a haife ni. Gidan mutunci ba ya kai ɗan gidan mutunci ƙara a kan tsautsayi.

Satin farko a ɗakin yara muka yi shi, an miƙe ƙafar an rataya mata nauyi a ƙarshen gado. Jidda ba ta juyawa, ba ta zama, komai a kwance ake yi mata. A satin ne na san yawan likitocin da ke cikin danginmu. Wannan ta ce farfesun ƙafar saniya, waccan ta ce man shanu da zuma, wata ta kawo rubutu a gora. Goggo Rabi, ƙanwar Baba Alhaji, ita ta fi kowa kafewa. Kullum ta zo sai ta ja ni gefe.

“Ke Binta, 'yan asibitin nan yankewa suka iya. Akwai mai ɗori a Ƙohwar Kwaya, gado ya yi, kahin wata ya mutu ɗiyar nan na wasan gala-gala. Ku ɗauke ta tun da wuri.”

Na ce, “Goggo, bari mu ji ta bakin likita.”

“Likita ɗan jiya? Ni na riga uwarshi zuwa duniya.”

Har Malam ya fara karkata, don ya ga ana ta ɗaga ranar tiyata. Yau a ce layi ya yi tsawo, gobe a ce sai an samo jini, jibi a ce ƙarfen da za a sa mata babu shi a asibiti, sai mun sayo a waje. Na je na tare likitan a baranda na faɗa masa abin da ake ciki a gida. Bai raina mai ɗori ba, ya dai ce min, “Hajiya, ba karaya kawai ba ce. Wurin da ƙashin ke girma ne ya taɓu. In aka ja shi da hannu za a ƙarasa shi.” Wannan maganar na kai wa Malam, daga ranar bai ƙara tayar da zancen ba. Goggo kuwa ta yi fushi, ta daina yi min magana amma ba ta daina aiko da kunu ba.

Ƙarfen nan Alhaji Sule ne ya saya, ba tare da an roƙe shi ba. Jinin kuma Mubarak na cikin waɗanda suka bayar. Allah ya saka musu. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san ba da mugayen mutane muka haɗu ba, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya ya yi mana nauyi.

A sati na biyu aka yi tiyata. Na ɗauka an gama, ashe an fara ne. Zazzaɓi ya rufe ta, wurin ɗinkin ya fara ruwa, aka dawo da ƙarin ruwa da allurai. Wankin ciwo shi ne abin da ba zan manta ba. Da ta ji ƙarar keken kayan wanki daga nesa sai ta fara roƙona in ɓoye ta. Akwai wata nas da ke zama ta yi mata hira har a gama ba ta ankara ba, Allah ya yi mata albarka ita da zuriyarta. Akwai kuma wata da ke ce wa yarinya mai karaya ta yi mata shiru ta cika mata kunne. Ita ma na bar ta da Allah, amma ba irin barin farko ba. Magani kuwa kullum sabuwar takarda, rabi a samu a ciki, rabi sai an fita. Ɗinkina ya tsaya cak, masu kaya suka yi ta aike har suka gaji suka karɓe yadinsu.

Sai da muka haura wata a asibiti kafin ciwon ya kame. Ranar sallama likita ya auna ƙafafun biyu, ya sake aunawa, sannan ya zauna. Ya ce ta daman za ta iya zama gajeriya kaɗan yayin da take girma, za a riƙa yi mata ƙari a takalmi. Malam ya tambaye shi ko za ta yi tafiya. Ya ce, “Tafiya za ta yi in sha Allahu. Gudu ne dai kada ku sa rai.” Mu muka yi hamdala, don tafiyar muke nema. Ban lura Jidda na saurare ba.

A hanyar gida, cikin Keke Napep, muka biyo ta gaban makarantar daidai lokacin tashi. Yara sun yi cirko-cirko a bakin kwalta, wannan ya zuba a guje, wancan ya fara ya fasa. Jidda ta bi su da kallo har muka wuce, sannan ta ce, “Umma, to in ban iya gudu, ya za ni tsallaka?”

Duk abin da na taɓa koya mata a kan titi ya ƙare a kalmar da likita ya cire.

Watannin da suka biyo baya na gashin ƙashi ne. Mu yi sammako mu kama layi, a lanƙwasa gwiwa tana kuka, mu dawo. Ta fara da sanduna biyu, ta koma ɗaya. Mubarak na zuwa duk Juma'a bayan masallaci da ledar lemo da ayaba, ya tsuguna a zaure ya gaishe da Baba Alhaji, ba ya iya haɗa ido da ni. Malamanta suka zo dubiya, ƙawayenta na kawo mata littafi tana kwafa. Kullum tambayarta yaushe za ta koma, don kada a wuce ta. Ni kuma na riga na ƙudura a raina ba za ta ƙara taka kwaltar nan ba muddin tana yadda take.

Na matsa wa Malam, shi da hedimasta suka je ofishin da ke kula da hanyoyi neman a sa tudun rage gudu da allon iyakar gudu a gaban makaranta. Ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce jami'in ya karɓe su da mutunci, har ruwa ya ba su, amma ya ce babban titi ba a sa masa tudu don wani ya nema, sai an nuna wurin na da haɗari. Ya ce su kawo rahoton 'yan sanda na abin da ya faru. Suka ce babu. Ya ce to na wani haɗarin kafin wannan. Shi ma babu. Sai ya ce musu, “Malam, ni ban ƙaryata ku ba. Amma a wurinmu, titin nan ko akuya ba a taɓa bugewa a kansa ba.”

Wannan magana ta tsaya min a rai. Na fara tambayar matan da ke zuwa awon kaya, sai ga shi kowa na da labari. Ɗan wance da aka karya wa hannu bara. 'Yar gidan mai gyaran rediyo da har yanzu kunnenta ɗaya ba ya ji. Da yaron can bayan masallaci wanda bai tashi ba. Kowane ɗaya an taru, an yi nasiha, an ce an yafe, an shafa fatiha, ɗan sanda ya mayar da bironsa aljihu. Matasan unguwa sun taɓa tara ƙasa da duwatsu suka yi nasu tudun, aka zo aka kwashe aka ce ba da izini aka yi ba. Wato mu da kanmu, da kyakkyawar niyya, muka yi ta share sawun abin da ke cinye mana 'ya'ya.

Ban saba zuwa gaban Baba Alhaji da magana ba, tsakaninmu gaisuwa ce da kai abinci. Amma ranar na sa hijabi na same shi a zaure bayan ya karya, na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Baba, ina kwana. An tashi lahiya?”

“Lahiya lau, Binta. Ya mai jiki? Ya Innata ta kwana?”

Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u aka sa wa Jidda, shi ya sa ba ya kiran ta sai da Inna. Na ce da sauƙi, sannan na kwashe abin da jami'in ya faɗa na gaya masa. Na ce roƙona a je a rubuta abin da ya faru, ko yanzu ne.

Ya ajiye carbinsa ya ce, “Ni in yahe ma mutum gaban liman, ya sai ƙarhe, ɗanshi ya ba da jini, sannan in koma in kai sunan ɗan ga 'yan sanda? Da wane ido za ni dube shi in mun haɗu wurin jana'iza?”

“Baba, ba cewa na yi a kama kowa ba. A rubuta kawai.”

“Rubutun shi ne ƙara, ɗiyata. Magana ta riga ta hita bakina.”

Na ce, “To Baba, a yi min haƙuri, Jidda ba ta komawa makarantar nan.”

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na tashi na koma ciki, rabi tsoro rabi haushi. Na ji haushinsa ƙwarai, na ga kamar ya fifita kunyar Alhaji Sule a kan ƙafar jikarsa. Malam ya shiga tsakiya, ya rasa inda zai sa kansa. Ya kawo shawarar a canza mata makaranta, amma ta gwamnatin da ke ɓangarenmu ta yi nisa ga mai sanda, ta kuɗi kuma ba mu da halinta bayan abin da jinya ta ci. Ya ce a riƙa ɗaukar mata Napep. Na ce yau da gobe fa, har ta gama? Ranar da mai Napep bai zo ba fa? Jidda na jin mu daga ɗaki, ta daina tambayar yaushe za ta koma, wannan ya fi tambayar ciwo.

Wata safiya sai ga Baba Alhaji a tsakar gida da sandarsa, ya ce a sa wa Inna kayan makaranta, shi zai kai ta da kansa, ya ga abin da zai hana. Ban yi musu ba. Na shirya ta, na bi su a baya daga nesa.

Suka isa bakin titi, tsoho da sanda, yarinya da sanda. Suka tsaya. Motoci da babura na wucewa ba ƙaƙƙautawa, yara na zuwa su tsaya kusa da su, su faki sarari su zuba a guje su bar su nan. Sararin da ke isar mai gudu ba ya isar su. Baba Alhaji ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da in ya yi a unguwa kowa ke tsayawa. Ba wanda ya ko rage. Ya ɗaga sanda, haka. Can ya gaji ya sa ƙafa a kwalta yana janye da ita, sai wata mota ta taka birki da ƙara ta kauce, direban ya leƙo ya ce, “Tsoho, ka gaji da duniya ne?” ya wuce abinsa.

Jidda ta damƙe masa riga ta baya. Na matso a lokacin, na ji abin da ta ce.

“Baba Alhaji, mu koma gida. Kai ma ba ka iya gudu.”

Suka juyo. Ya wuce ni ya shige zaure. Abincin rana da na aika masa haka aka dawo da shi.

Bayan la'asar ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya aika aka kira liman, ya ce Malam ya kai su Kambarawa. Abin da ya faru a can Malam ne ya ba ni labari. Ya ce bayan an gama gaisuwa Baba Alhaji ya cire hularsa ya ajiye a gaban Alhaji Sule, kamar yadda shi Alhaji Sule ya yi a gindin darbejiya.

Ya ce, “Alhaji, ran nan kai ka zo neman yahiya, yau ni na zo. Yahiyata tana nan, ban janye ko ƙwaya ba, ba ni neman komi ga ɗanka. Amma na haɗa da abin da ba nawa ba ne na yahe. Ciwon jikata nawa ne. Titin kuwa na ɗiyan mutane ne. Ina roƙon ka yarda a je a rubuta.”

Alhaji Sule bai ji daɗi ba, an ga haka a fuskarsa, kuma ba na ganin laifinsa, don ba uban da ke son sunan ɗansa a ofishin 'yan sanda. Ya fara cewa a ba shi lokaci ya yi shawara. Sai Mubarak, da ke tsugune a bakin ƙofa, ya ce, “Baba, ni zan je. Har yau in na biyo ta wurin sai na canza hanya.” Uban ya dube shi, sannan ya ɗauki hular ya miƙa wa Baba Alhaji da hannu biyu.

Washegari suka tafi tare, wanda ya buge da waɗanda aka buge wa, da liman a tsakiya. Malam ya ce ɗan sandan da ke kan tebur sai da ya sa aka maimaita masa, don bai taɓa ganin an zo a rubuta haɗari bayan an yafe ba. Aka rubuta, aka kuma rubuta cewa ba a neman kowa da komai. Daga nan Baba Alhaji ya bi sauran gidajen da abin ya taɓa shafa, da ƙafarsa. Wasu suka yarda suka je suka ba da nasu bayanin, wasu suka ce abin da ya wuce ya wuce. Mahaifiyar yaron da ya rasu ta aiko a ce masa don Allah kada a tono mata. Bai sake komawa gidan ba, sai dai ya aika da addu'a.

Kada mai karatu ya ɗauka washegari aka zo da siminti. An yi ta kai da kawowa, a ce mai sa hannu ya yi tafiya, a ce a dawo wani satin, har zangon karatu ya ƙare Jidda na gida. Sai ana gab da komawa hutu muka wayi gari da ma'aikata. Suka yi tudu kafin ƙofar makaranta da bayanta, suka ja farin zane na tsallakawa, suka kafa allo mai hoton yara da iyakar gudu. Na gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma zan faɗa: masu babur na bi ta gefen tudun su wuce abinsu, fentin ya fara dushewa tun yanzu, kuma ban taɓa ganin an tsayar da wani don ya wuce abin da allon ya ce ba. Sauran makarantun garin nan da ke bakin titi kuwa, da yawansu ko wannan ba su samu ba.

Don haka ga abin da nake so duk uwa da uba su ɗauka daga wahalarmu. In Allah ya kawo tsautsayi, ku yafe, yafiya abu ne mai kyau, ni ma na yafe wa Mubarak har zuciyata. Amma ku bari a rubuta kafin a shafa fatiha. Kuma in karaya ta zo kusa da gaɓa a jikin yaro, ku ji ta bakin likita kafin ta dangi.

Ranar da aka koma makaranta na sa mata kayanta, na ɗaura mata takalmin da aka yi wa ƙari. Ta ajiye sanda a lokacin, sai ɗingishi. A bakin ƙofa bakina ya fara da kansa, ki duba hagu, ki duba dama, sai na tsaya, don ban san da me zan ƙarasa ba. Baba Alhaji na jiran ta a zaure. Na sake bin su a baya.

Suka tsaya a kan farin zanen. Wata mota ta taho, ta rage don tudu, direban ya gan su ya tsaya. Na bayansa ya danna ham. Na ga kafaɗun Jidda sun ɗaga, jikinta na shirin yin abin da ya saba, ƙafar kuma ba za ta ba ta ba. Baba Alhaji ya riƙe hannunta.

“A hankali, Inna. Su za su jira.”

Suka taka, shi da sandarsa, ita da ɗingishinta, mai ham na ta yi, har suka kai ɗaya gefen. Na tsaya a inda nake ina hawaye a gaban mai rake, ban damu ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan yaron bayan masallaci, ya tsare na kowa a hanya. Da aka tashi ta dawo, na tambaye ta ya makaranta. Ta ce an wuce ta a lissafi, kuma an ba wata wurin zamanta. Ta cire takalmi, sannan ta ce, “Umma, kin gani? Ban yi gudu ba.”